An Soke Kwangila 585, Ina Jerin? Dambarwar Majalisar Amurka Kan Hidimar Tsofaffin Sojoji

Na san ka taɓa cin karo da irin wannan bidiyon a X ko Facebook. Wani babban jami'i ya zauna gaban kyamara, ya gyara kwala, ya ce gwamnati ta soke kwangiloli marasa amfani, an ceto biliyoyi. Kafin ya rufe baki yatsanka ya danna alamar so, ka tura wa abokai a WhatsApp, wani ya rubuta a ƙasa: “Irin shugabannin da muke buƙata ke nan.” Ni ma na sha yin haka, ba zan ɓoye maka ba. Duk wanda ya taso yana jin labarin kwangilar da aka biya kuɗinta ba a aza ko bulo ɗaya ba, dole ransa ya yi fari idan ya ji an soke wata.

To amma akwai tambayar da ba mu cika yi ba: waɗanne kwangiloli ne aka soke, kuma wa ke cin moriyarsu? A kan wannan tambaya aka shafe watanni ana kai ruwa rana a Amurka a shekarar 2025, tsakanin wasu 'yan majalisa da ma'aikatar da ke kula da tsofaffin sojoji. Ka ɗan ba ni aron mintuna kaɗan, domin labarin ya fi ƙarfin Amurka kaɗai.

Wace ma'aikata ce wannan?

Ana kiranta VA a taƙaice. Ita ke kula da waɗanda suka yi aikin soja suka ajiye kaki: lafiyarsu, diyyar naƙasa, tallafin karatu, rancen gida, har da jana'izarsu. Tana da manyan asibitoci kusan 170 da ƙananan cibiyoyi fiye da 1,000, kuma tsofaffin sojoji sama da miliyan 9 ne suka yi rajista a tsarinta na lafiya. A farkon 2025 ma'aikatanta sun haura 450,000. Kasafinta na shekara ya wuce dala biliyan 300.

Mutanen da ke zuwa waɗannan asibitoci su ne waɗanda suka dawo daga Biyetnam, Iraƙi da Afganistan. Wani ya bar ƙafa a can, wani ya dawo da firgicin da ba ya barinsa barci. Alƙaluman ma'aikatar sun nuna tsofaffin sojoji fiye da 6,000 ne ke kashe kansu duk shekara. Wasu kuma sun shaƙi hayaƙin manyan ramukan da ake ƙona shara a sansanonin soja, inda ake zuba roba, batir, man jirgi da sauran tarkace a cinna wuta. Shekaru bayan haka cututtukan huhu da kansa suka fara bayyana a jikinsu. Saboda su ne aka yi dokar da ake kira PACT, wadda Joe Biden ya sa wa hannu a watan Agustan 2022, ta faɗaɗa kulawa da diyya ga waɗanda guba ta shafa.

Ma'aikata mai wannan girma ba ta iya yin komai da hannunta. Likita ma'aikacin gwamnati ne, amma mai duba na'urar ɗaukar hoton ƙirji ko tana fitar da tururin da ya wuce ƙa'ida, sau da yawa ɗan kwangila ne. Haka mai kwashe sharar asibiti, mai gwada iskar ɗakin haɗa magani, mai tattara bayanan masu kansa. Ma'aikatar da kanta ta ce tana da kwangiloli kusan 90,000.

Kwana shida, lissafi biyu

Donald Trump ya dawo mulki a Janairun 2025 da alƙawarin rage kashe kuɗin gwamnati, ya kafa tawagar DOGE wadda attajirin nan Elon Musk ya zama fuskarta. A ma'aikatar tsofaffin sojoji kuma aka naɗa Doug Collins, tsohon ɗan majalisar wakilai daga jihar Jojiya.

Ranar 25 ga Fabrairu, Collins ya saki bidiyo yana cewa za a soke kwangilolin da kuɗinsu ya kusa dala biliyan 2. Ya kwatanta su da biyan masu ba da shawara domin su tsara hotunan gabatar da jawabi da rubuta bayanan taro. Wa zai yi jayayya da wannan?

Sai dai takardun cikin gida sun fara fita zuwa hannun 'yan jarida da 'yan majalisa. Kwangiloli kusan 875 ne a jerin, kuma rahotanni suka nuna a cikinsu akwai masu alaƙa da kula da masu kansa, da duba kayan aikin asibiti, da hidimar binne mamata, da tantance bayanan waɗanda guba ta shafa. Sanata Richard Blumenthal na jihar Connecticut, wanda shi ne jagoran 'yan Democrat a kwamitin tsofaffin sojoji na Majalisar Dattawa, ya fito ya yi kakkausar suka. Washegari aka dakatar da sokewar domin a sake dubawa.

Ranar 3 ga Maris ma'aikatar ta dawo da sabon lissafi: kwangila 585, darajarsu kusan dala biliyan 1.8. Ta ce ba su shafi ainihin aikinta ba, ko kuma maimaici ne, kuma za a karkatar da kusan dala miliyan 900 zuwa kula da tsofaffin sojoji.

Tsaya ka dubi lambobin nan da kyau. Cikin kwana shida, kwangiloli kusan 290 sun fita daga jerin. Ke nan da ba a yi surutu ba, da an soke su. Sannan ka lura da tazarar da ke tsakanin biliyan 1.8 da miliyan 900. Darajar kwangila daban, abin da za a ceto daban, domin an riga an biya wani kaso na kuɗin tun kafin a soke. Idan ka ba tela ɗinkin dubu ashirin, ka biya dubu goma, sannan ka fasa, ba dubu ashirin ka ceto ba. Kuma a dokar kwangilar Amurka, gwamnati na da ikon fasa kwangila duk lokacin da ta ga dama, amma sai ta biya aikin da aka riga aka yi da wasu kuɗaɗen rufe aiki. Babbar lambar ita ke yawo a soshiyal midiya, ƙaramar kuwa sai wanda ya karanta har ƙasa.

A ba mu jerin

Buƙatar 'yan majalisar ba ta da wuyar fahimta. Sun ce a ba su sunayen kwangilolin, da aikin da kowace ke yi, da dalilin soke ta, da wanda zai ci gaba da aikin. Sun rubuta wasiƙu, sun maimaita. Makonni suka shuɗe. Ranar 6 ga Mayu, Collins ya bayyana gaban kwamitin Majalisar Dattawa, aka yi musayar zafafan kalamai kan kwangiloli da kuma shirin rage ma'aikata kusan 80,000 da wata takardar cikin gida ta fallasa a watan Maris. Shi dai ya tsaya a kan cewa ba za a taɓa lafiyar tsofaffin sojoji ko haƙƙoƙinsu ba, ya kuma zargi masu sukar da tsorata jama'a. Da jeri ya iso majalisa daga baya, 'yan Democrat suka ce bai cika ba kuma lambobinsa ba su dace da abin da aka sanar a baya ba.

Za ka iya cewa, to me ya shafi majalisa da kwangilar ma'aikata? Ya shafe ta ƙwarai. A kundin tsarin mulkin Amurka, majalisa ce ke da ikon ware kuɗi. Ita ta yi dokar PACT, ita ta ba da kuɗin aiwatar da ita. Idan ɓangaren zartarwa ya soke kwangilar da ake aiwatar da dokar da ita, dokar na nan a takarda amma tsohon sojan da ke jiran diyya zai ci gaba da jira. Don haka aikin ɗan majalisa bai ƙare ranar da aka kaɗa ƙuri'a ba. Sai ya bi sawun kuɗin har inda suka sauka.

Na'urar da ta karanta shafukan farko kawai

A watan Yunin 2025 kafar binciken ƙwaƙwaf ta ProPublica ta fito da wani rahoto da ya ƙara rura wutar. Bayan zagayen farko na sokewar, an ci gaba da tace sauran kwangilolin, kuma wani injiniyan manhaja na DOGE mai suna Sahil Lavingia ya haɗa wata manhaja mai amfani da ƙirƙirarriyar basira domin ta taya aikin. Aikinta shi ne ta karanta kwangila ta yi mata tambari da wata kalmar Turanci mai nufin “wadda za a iya lamushewa”. Ta yi wa fiye da 2,000 wannan tambari.

Matsalar ita ce an tsara ta ta karanta farkon kowace takarda ne kawai, kusan kalmomi 2,500, alhali kwangilar gwamnati na iya kai shafuka masu yawa. Ta kuma riƙa ƙirƙiro lambobi. Kwangiloli sama da 1,000 ta ce kowace darajarta dala miliyan 34 ce, alhali wasunsu ba su wuce dala 35,000 ba. Shi kansa injiniyan, wanda ba shi da gogewa a harkar lafiya ko kwangilar gwamnati, ya amsa cewa an yi kurakurai. ProPublica ta gano cewa aƙalla kwangiloli 24 daga jerin manhajar an soke su, ciki har da ta kula da wata na'urar binciken ƙwayoyin halitta da ake amfani da ita wajen inganta maganin kansa, da ta gwajin jini domin bincike. Ma'aikatar ta mayar da martani cewa ba manhaja ke yanke hukunci ba, sai ma'aikata sun duba kafin a soke kowace kwangila.

Mu da ke amfani da irin waɗannan manhajoji wajen aikin makaranta mun san halinsu. Ka tambaye ta sunan littafi, ta ba ka wanda ba a taɓa rubutawa ba, kuma da cikakken ƙwarin gwiwa. Idan a aikin aji ne, maki kaɗan za ka rasa. A asibiti kuwa, mai kansa ne zai ji a jikinsa.

Bayan rahoton, Blumenthal da Sanata Angus King na jihar Maine, wanda ba ya cikin kowace jam'iyya, suka nemi ofishin babban mai binciken cikin gida na ma'aikatar ya binciki yadda aka soke kwangilolin da rawar da manhajar ta taka.

Sanduna biyar, amma a hannun wa?

A ajinmu na aikin jarida an koya mana cewa majalisa na sa ido kan gwamnati. A allo abin ya yi kyau. Wannan dambarwa ce ta nuna mini cewa kayan aikin ba ƙarfinsu ɗaya ba, kuma ba kowa ke iya ɗaukar kowanne ba.

Na farko wasiƙa. Kowane ɗan majalisa na iya rubutawa, amma ma'aikata na iya jan ƙafa ko ta ba da amsar da ba ta ƙoshi ba.

Na biyu zaman sauraron bahasi, inda ake kiran jami'i ya amsa tambayoyi a bainar jama'a. Shugaban kwamiti ne ke tsara shi, kuma shugaban daga jam'iyya mai rinjaye yake fitowa.

Na uku sammaci, wanda ke tilasta miƙa takardu ko bayyana. Shi ma sai da amincewar masu rinjaye.

Na huɗu kasafi. Majalisa na iya gindaya sharaɗi a kan kuɗi, ko ta hana a kashe su ta wata hanya. Shi ne mafi ƙarfi, amma sai an yi doka, doka kuma sai da ƙuri'u.

Na biyar masu bincike masu zaman kansu: ofishin binciken kuɗi na GAO da ke aiki wa majalisa, da manyan masu binciken cikin gida na ma'aikatu.

Yanzu ka duba yadda aka rabu a 2025. Jam'iyyar Republican ta shugaban ƙasa ce ke da rinjaye a majalisun biyu, da kujeru 53 cikin 100 a ta dattawa. Sanata Jerry Moran na Kansas ke shugabantar kwamitin dattawa, Mike Bost na Illinois kuma na wakilai, dukansu 'yan Republican. Ke nan masu ɗaga murya a kan kwangilolin galibi marasa rinjaye ne, waɗanda wasiƙa da taron manema labarai ne a hannunsu. Har zama na kansu suka riƙa shiryawa suna gayyato tsofaffin sojoji da korarrun ma'aikata su ba da shaida, amma irin wannan zama ba shi da ikon tilasta wa kowa zuwa.

Sanda ta biyar ma ta samu rauni. A kwanakin farko na mulkinsa, Trump ya sallami manyan masu binciken cikin gida kusan 17 a dare ɗaya, ciki har da Michael Missal na ma'aikatar tsofaffin sojoji, duk da doka ta ce a sanar da majalisa kwana 30 kafin a yi haka tare da bayyana dalili. Wadda ta gaji kujerar daga baya, Cheryl Mason, ta yi aiki a matsayin mai ba Collins shawara kafin naɗinta, abin da 'yan Democrat suka ce zai sa a yi shakkar 'yancinta.

Kwatanta wannan da 2014. A lokacin an gano cewa asibitin ma'aikatar da ke birnin Phoenix na ɓoye ainihin tsawon lokacin da marasa lafiya ke jira kafin ganin likita, wasu har suka rasu suna cikin layi. Barack Obama na Democrat ke mulki, amma Republican ke riƙe da Majalisar Wakilai. Kwamitin da Jeff Miller ke jagoranta ya fitar da sammaci a watan Mayu, kafin watan ya ƙare shugaban ma'aikatar Eric Shinseki ya yi murabus, a watan Agusta kuma aka yi sabuwar doka. Majalisa ɗaya ce, ikonta bai canza ba. Bambancin shi ne a 2014 masu riƙe da sandar ba 'yan gidan shugaban ƙasa ba ne. Kuma wannan hali ba na jam'iyya ɗaya ba ne: kowacce takan yi laushi idan nata ne a kan kujera.

A yi wa ɗaya ɓangaren adalci

Kada ka ɗauka duk kwangilar da aka soke mai amfani ce. Ɓarnar kuɗi a wannan ma'aikata tsohon zance ne. GAO ta sa tsarin lafiyarta a jerin ayyukan gwamnati masu babban haɗarin ɓarna tun 2015, ta ƙara da tsarin sayayyarta a 2019. A 2018 an ba kamfanin Cerner kwangilar dala biliyan 10 domin sabunta rumbun bayanan marasa lafiya, amma bayan an gwada shi a asibitoci ƙalilan aka ci karo da matsaloli har aka dakatar da faɗaɗa shi a 2023. Don haka wanda ya ce a duba kwangiloli yana da hujja.

Inda gizo ke saƙar shi ne yadda aka yi. Gaggawa aka yi, aka sanar da lamba kafin a gama tantancewa, sannan waɗanda doka ta ɗora wa alhakin bibiya suka sha wahalar ganin jerin. In da gaske duk kwangilolin na banza ne, fitar da jerin ai shi zai fi wanke ma'aikatar. Akwai kuma wani abin da ba a cika faɗa ba: doka ta sa ma'aikatar ta fifita ƙananan kamfanonin tsofaffin sojoji wajen ba da kwangila, don haka da yawa daga waɗanda sokewar ta shafa su ma tsofaffin sojoji ne.

Surutun bai tafi a banza ba. An janye ɗaruruwan kwangiloli daga jerin farko. A watan Yuli kuma ma'aikatar ta ce ta fasa korar ma'aikata da yawa a lokaci guda, za ta rage kusan 30,000 ne ta hanyar ritaya da ajiye aiki da dakatar da ɗauka. Ba majalisa kaɗai ta jawo haka ba. Ma'aikatan da suka fitar da takardu, 'yan jaridar da suka zauna suka karanta su, da ƙungiyoyin tsofaffin sojoji, kowa ya ja nasa igiyar.

Mu fa?

Mu ma muna da tsofaffin sojoji, waɗanda suka yi Laberiya da Saliyo da Arewa maso Gabas. A 2025 an ga wasunsu sun yi zaman dirshan a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman haƙƙoƙinsu. Muna kuma da irin waɗancan sanduna. Sashe na 88 da na 89 na kundin tsarin mulkin 1999 sun ba Majalisar Tarayya ikon bincikar yadda ake kashe kuɗin da ta ware, da kiran kowa ya ba da shaida. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 kuma ta ba ka, kai da ke riƙe da wayar nan, damar rubuta wa hukumar gwamnatin tarayya ka nemi bayani, kuma a ƙa'ida ta amsa cikin kwana bakwai.

Saboda haka gobe idan ka ga sanarwar an soke kwangila an ceto biliyoyi, ko daga Washington ko daga gidan gwamnatin jiharku, ka ɗan riƙe yatsanka ka nemi amsar abu huɗu. Ina jerin? Lambar da aka faɗa, darajar kwangilar ce ko abin da ya rage ba a biya ba? Wa zai ci gaba da aikin daga gobe? Kuma kwamitin majalisar da abin ya shafa ya ga takardun kuwa?

Idan ba ka samu amsa ba, rubuta tambayar a ƙarƙashin sanarwar, ka kuma ambato ɗan majalisar mazaɓarku. Yawancinsu suna da shafi a Facebook da X, kuma suna duba abin da ake faɗa a kansu. Ka san sunan naka kuwa, da kwamitin da yake ciki?